Ramar Gwaggo Hassu a Cikin Garwa

Zafin bana a Jidda irin mai danshin nan ne, wanda mutum zai fito daga wanka ya sake jiƙewa sharkaf kafin ya gama ɗaura zane. Yanzu ina zaune wurin 'yata Maryam a unguwar Safa, ba ni da aikin fari balle na baƙi sai leƙen taga, abin da nake gani kuwa kullum shi ne ruwa yana tafiya a banza. Kowane gida da na'urar sanyaya ɗaki maƙale a bango, wadda a nan ake kira mukayyif, kowacce tana ɗiga a kan titi tun safe har yamma, ba mai ko kallo. Shekaranjiya na kasa haƙuri, na ɗauki bokiti na tara a ƙarƙashin namu. Maryam ta fito baranda ta same ni.

"Ummi, me za ki yi da ruwan mukayyif? Ga moya nan, ruwa a famfo, wallahi ba ta ƙarewa."

Na ce ta bar ni. Ita a nan aka haife ta, ta buɗe ido ta ga famfo yana zuba. Ba ta san shekarar da ruwan nan ya zame mini kamar nono ba.

Shekara ashirin da wani abu ke nan. Lokacin ban yi aure na biyu ba, ina tare da Gwaggo Hassu, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata. Umra muka zo, muka maƙale kamar yadda mutane da yawa suka yi, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mana. Muna wani tsohon bene a unguwar Ruwais, a ɗakin ƙarƙashin matakala mai taga ɗaya. Mai gadin gidan, Ammu Salihu, Bahaushen Sudan ne, dattijo mai sanyin hali, shi ya sama mana ɗakin, mai gida kuma ya kau da kai kamar bai san da mu ba. Ni ina zuwa aikin wanki da shara a gidan wasu Larabawa da safe, Gwaggo tana tallar gyaɗa da lalle a bakin hanya.

A farkon bazarar nan ƙafafun Gwaggo suka kumbura, ta daina fita. Asibiti ba wurin zuwanmu ba ne, don tun a ƙofa takarda za a tambaya. Ammu Salihu yana sayo mata ƙwayoyi a kemis, tana sha, kumburin yana ƙaruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abinci ya fita ranta. In na kawo ragowar shinkafa da kaza daga wurin aiki ta juya baya. In na sayo gurasa da wake ta ce warin man yana tayar mata da zuciya. Mace mai jiki, wadda a ƙauyenmu ita kaɗai take riƙe da lambu a bakin fadama, sai ga ta tana zubewa a gabana kamar an kwance buhu.

Wata rana ina yi mata fifita ta ce, "Asabe, bakina ba abin da yake so sai kwaɗon rama."

Na ce in alhazai suka zo za a samu busasshiya wurin matan da suke kawo kayan miya. Ta harare ni. Aikin hajji da sauran watanni, ita kuma busasshiyar rama a wurinta abincin akuya ce. Ɗanya take so, wadda aka tsinko yau aka dafa yau, da ƙuli-ƙuli da albasa. Ta sa na jawo jakar da ta zo da ita daga gida, ta laluba can ƙasa ta fito da wani ƙullin tsumma. Irin rama ne. Ashe duk shekarun nan yana nan, ban sani ba.

"Gwaggo, a ina za mu shuka? A kan siminti?"

"Saman bene ba rana a can?"

"Rana kam har ta yi yawa. Ruwa fa?"

"Ke dai nemo garwa."

Maganar ruwan ba wasa nake ba. A shekarar nan famfo sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ma kafin tankin saman bene ya cika ya ɗauke. Ammu Salihu yakan wuni a layin motar ruwa, ya dawo fuska a ƙone, wani lokaci da mota wani lokaci hannu rabbana. Mu na ƙarƙashin matakala jarka guda yake tsiyaya mana, a cikinta za mu sha, mu dafa, mu yi alwala, mu goge jiki. A wannan hali ne Gwaggo ta ce za ta yi noma. Na yi ta mita a zuciyata, amma na tafi wurin mai sayar da wake a bakin layi na roƙi garwannin mai da ya gama da su.

Gwaggo ba ta iya hawa matakala, saboda haka daga kan katifa ta yi nomanta, ni ce hannunta da ƙafarta. Ta hana ni huda gindin garwa. A gefe ta sa na huda, sama da gindin da kamar faɗin yatsu biyu, don ɗan ruwa ya riƙa kwanciya a ƙasa saiwa ta bi shi. Na ɗebo yashi a inda ake wani gini, na je kasuwar tumaki na sharo taki a leda, masu dabbobin suna ta yi mini dariya. Na haɗa, na shuka, na zuba ruwan alwalar da muka tara.

Ya tsiro kuwa. Na sauko da gudu na gaya mata, ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Kwana kaɗan sai na hau da azahar na tarar duk sun kwanta. Na taɓa garwa na janye hannu da sauri, ta yi zafi kamar kaskon tuya. Ruwan da na zuba da safe ya dafa saiwar ne kawai. Na zauna a inuwar tanki na yi kuka, ba don ramar kaɗai ba, har da baƙin cikin ruwan da muka hana bakinmu.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki, don ita faɗa ba ya yi mata wuya. Ta dai buɗe ƙullin ta duba abin da ya rage, sannan ta ce laifinta ne da ta manta ƙarfe ba ƙasa ba ne. Muka sake sabon lale. A wannan karon ta sa na ɗora garwannin a kan katako don kada su taɓa simintin, na naɗe kowacce da kwali sannan na rufa mata tsohon buhu. Na jawo su gabas da tanki, inda za su sha hantsi, in rana ta karkata inuwa ta rufe su. Na samo garin katako wurin wani kafinta na shimfiɗa a saman ƙasar, muna ƙarawa da ɓawon albasa da ɓawon gyaɗa. Sai ta tambayi Ammu Salihu ko ana samun ƙananan tuluna a garin nan. Ya kawo mana 'yan tulunan ƙasa da mutanen nan suke sanyaya ruwa a ciki, waɗanda suka tsage aka yar. Na binne ɗaya a tsakiyar kowace garwa har wuya, na rufe bakinsa da murfin gwangwani. A cikinsa nake zuba ruwa, shi kuma ya riƙa tsatsafowa a hankali.

Da suka tsiro suka yi ganye huɗu-huɗu, ta ce in cire rabi.

"Gwaggo, bayan duk wahalar nan?"

"Kowanne baki ne, kuma ruwa zai sha. Ke da kike kuka da jarka guda, yaya za ki shayar da gayya? Ki bar masu ƙarfin."

Na cire ina jin kamar haƙorana nake cirewa.

Akwai bututun da yake sauko da ruwa daga saman bene, ta jikin tagarmu yake wucewa, dab da kan Gwaggo. Da shi take sa mini ido. In na hau bayan sallar asuba da bokiti, sai ta kasa kunne. Ranar da hannuna ya zarce ruwa ya fita ta hujin garwa ya gangaro, kafin in sauko ta shirya mini.

"Na ji ki. Titi kika je shayarwa ko rama?"

"Ɗan kaɗan ne fa ya zuba."

"Shukar da aka ba daidai cikinta shiru take sha. In na ji motsi a bututun nan, ɓarna kika yi."

Tun ina jin haushi har na ƙware. Sai in tsoma yatsa a ƙarƙashin garin katakon, in da sanyi in wuce, in ba sanyi in cika tulu in tsaya. Aka yi makonni bututun nan bai ce uffan ba, Gwaggo kuma ta fara karɓar kunu cokali biyu uku, wai tana gyara wa rama wuri.

Sai tsakiyar bazara ta zo, famfo ya ɗauke ɗif. Iskar teku ta tsaya cak, gari ya yi nauyi kamar an rufa masa jiƙaƙƙen bargo. Bango yana gumi, katifa tana gumi, gishirin da ke cikin kwano ya narke. Jarkarmu ta koma rabi. Muka koma taimama don a bar na sha, ruwan alwalar da rama take samu ya yanke. Ruwan wanki kuwa Gwaggo ta ce ko kusa, sabulu kashe ta zai yi. Ina kallo ganye ya fara yaushi tun da hantsi, ba ni da abin ba shi. Na taɓa ɗaukar kofin shana zan hau da shi, Gwaggo ta ce in na fita da kofin nan ba ita ba ni.

Wata azahar na dawo daga aiki, santsi ya kwashe ni a ƙofar gida na faɗi zaune. Na ɗaga kai zan yi tsinuwa, ɗigo ya sauka mini a goshi. Mukayyif ɗin mutanen hawa na ɗaya ne. Tun zuwanmu gidan yake ɗiga a wurin har gansakuka ta fito, kullum ina tsallakewa ina tsaki, ban taɓa kallonsa a matsayin ruwa ba. Ban ko tashi ba na ƙwala wa Ammu Salihu kira. Ya zo ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya samo guntun tiyo ya ɗaura, muka sa bokiti.

Abin mamakin, ranar da danshi ya fi tsanani, ranar da numfashi ma sai an yi da gaske, ranar ce bokitin ya fi cika. Sai na koma in na tashi na ji gari ya yi nauyi, maimakon in yi salati sai in ce alhamdu lillahi, yau rama za ta sha. Gwaggo tana kwance tana haki, gumi yana bin wuyanta, amma sai ta ce in leƙa in gaya mata inda ruwan ya kai.

Rama ta miƙe. Ta wuce gwiwata, ta doshi ƙuguna, kore shar a tsakiyar siminti da eriyoyin talabijin. Na tsinko ganye ɗaya na kawo mata, mai faɗi kamar tafin hannun jariri. Ta murza, ta shinshina, ta ɗora a harshe.

"Da saura."

"Gwaggo, don Allah ki bari in dafa miki ko kaɗan ne. Dubi yadda kika koma."

"Wannan ganyen ƙasa ne, lami ne. A gidanmu ba a tsinkar rama sai ta raba yatsu. In na sama suka fito a tsattsage kamar hannu, lokacin tsaminta ya kai. Na jira shekaru, ba zan ci salam-salam ba."

Na roƙe ta, na yi fushi, na haɗa ta da Allah. Ko gezau. Duk wanda ya san Gwaggo Hassu ya san in ta kafe ta kafe. Haka na zuba ido, ita tana ƙanƙancewa a kan katifa, rama tana tsawo a sama, ina tsakani ina lissafin wanda zai riga wani. Da ganyen sama suka fara fitowa a rarrabe, sirara masu baki kamar zarto, na sake kai mata. Ta jujjuya shi a hasken taga, ta ce Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci. Ta sa na nemo ƙuli-ƙuli wurin wata 'yar Nijar, na daka na ajiye a gwangwani.

Ranar Litinin na dawo daga aiki na tarar da Ammu Salihu zaune a kan matakala, hannuwansa duk ƙasa. Bai amsa sallamata da ƙarfi ba. Ya nuna ƙofarmu da haɓa, alamar in rage murya.

"Asabe, zauna. Ɗan mai gida ya zo."

"Lafiya?"

"Ya hau duba tanki, yana cewa ana satar moya. Sai ya ga shukarku. Ya sauko a fusace, wai hashish ake nomawa a gidan ubansa."

Ni a lokacin ban taɓa ganin ganyen tabar wiwi ba, ban san suna kama da rama in ta raba yatsu ba. Na ce, "Wiwi kuma? Ammu, ai ka san rama ce!"

"Na sani, 'yata. A tsakar gidanmu ma akwai ta. Na rantse masa, na ce miya ake yi da ita. Har tsinka na yi na tauna a gabansa, sai ya ce to yanzu ya tabbata, ni ma ina sha."

"To sai aka yi yaya?"

"Ya ce in tumɓuke yanzu-yanzu ko ya kira shurɗa. Kin san in 'yan sanda suka shigo ba ganye za su fara tambaya ba. Ke da Hajja Hassu ina iƙamarku? Mace tana kwance haka, a ɗauke ta a mota?" Ya share hannu a jikin jallabiyarsa. "Yana tsaye a kaina na cire. Ya sa na juye ƙasar ma, wai ko an binne wani abu. Ya zuba duka a buhu ya jefa a bayan motarsa. Ko ganye ɗaya bai bari na ajiye ba. Halas, shi ke nan. Ki yafe ni."

Na hau. Garwannin suna kwance a gefe, 'yan tulunan a farfashe, garin katako ya watse ko'ina. Na so in yi ihu, amma ihu ma ba na wanda ba shi da takarda ba ne. Wa zan kai ƙara, a wace ƙofa? Na tsaya a ranar nan har ƙafata ta fara ƙuna. Da zan sauko na ga 'yan ganyayen da suka zube daga buhun a kan matakala, an tattaka wasu. Na tsince su na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na ɓoye a bayan jarka.

Ban gaya mata ba. Na ce a raina kafin Juma'a ko a ina ne zan samo rama. Kowace rana in na tashi aiki sai in bi kasuwa, na je Bab Makka, na bi duk matanmu masu kayan miya har waɗanda ba ma ga maciji da su. Lalo ne kawai ko'ina. Wata ta ce in jira alhazai. Da asuba kuma sai in ɗauki bokiti in hau kamar kullum, don ta ji fitata. Na tayar da garwannin, na mayar da ɗan abin da na iya sharowa na ƙasa, ina zuba ruwan a hankali yadda na iya. Amma ba tulu, ba saiwa, ba abin da zai riƙe shi.

Ranar Laraba na sauko na same ta ta juyo tana kallon ƙofa.

"Asabe."

"Na'am, Gwaggo."

"Jiya na ji bututu, na ce hannunki ne ya zarce. Yau ma na ji. Wa ya cire?"

Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai, ina kuka kamar yarinya. Ta saurara har na gama. Ba ta zagi yaron ba, ni ce na yi ta zaginsa har ta ce ya isa.

"Da na bar ki kin tsinka tun tana lami," ta ce, "da ba wanda zai ce mata wiwi."

Na ɗauko tsumman na buɗe mata. Na dafa ganyayen a ɗan gwangwanin shayi, da suka dahu ba su cika cokali biyu ba. Na barbaɗa ƙuli-ƙuli, na yanka albasa ƙanana-ƙanana, na ɗiga mai. Na tallafo kanta na ba ta. Ta daɗe tana juya shi a baki, idonta a rufe.

"Ta yi," ta ce. "Ashe ma ba sai Juma'a ba."

Na tashi zan fita da bokitin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ta ce, "Kada ki ƙara hawa da shi. Ki riƙa juyewa a jarka ki rufe. Famfo ba ya zuwa, kada ranar ta zo ku rasa na yi mini wanka."

Na ce ta daina irin wannan magana. Amma na juye, washegari ma na juye. Ba ta ƙara mako biyu ba. Ranar da ta cika famfo bai zo ba, motar ruwa ma ba ta zo ba, da ruwan nan ni da matar Ammu Salihu muka yi mata wanka, ya isa har ya yi saura.

Yanzu kam rama har a wasu shagunan mutanenmu ana samu, Maryam ta taɓa sayo mini a leda, na dafa na kasa ci. Bokitin da na tara shekaranjiya ya cika tun jiya da la'asar. Ba ni da shuka ko ta ƙwaya ɗaya a gidan nan. Da safen nan Maryam ta zo za ta zubar a makwarara, na riƙe hannunta.

"To me za a yi da shi, Ummi?"

Na ce ta nemo mini jarka mai murfi.